Mangaza, Biro da Birji

Wanda ya tashi daga Damagaram ya kama hanyar Agadas, kafin ya kai Tanut sai ya ratsa Bakin Birji. A wannan yanki ne, cikin ƙaramar hukumar Ollelewa, aka kafa matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 don ta riƙa tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man da ake turowa ta bututu tun daga Agadem. Duk faɗin Damargu, ƙasar da Tanut ke cikinta, babu masana'antar da ta kama ƙafarta, kuma ƙarfe ce da kankare tun daga tushe har bisa. Garin da ke maƙwabtaka da ita kuwa sunan kayan gini gare shi. Birji, ko burji a bakin wasu, shi ne irin ƙasar nan mai tsakuwa da ake shimfiɗa wa hanya, ake kuma kwaɓawa a ta da bango ko a yi daɓe. Waɗanda suka raɗa wa garin suna ƙarƙashin ƙafarsu suka duba, suka faɗi abin da suka gani.

Abin da ya tsayar da ni a kan wannan suna wata magana ce da ta yi ƙarfi a bakin masu zanen gine-gine na duniya: a ɗauki tsohon ginin masana'anta da aka daina aiki a ciki, maimakon a rushe shi a mayar da shi ofis, a kuma yi aikin da ƙasa da itace da ciyawa a madadin siminti da roba. Ba yau aka fara ba. A 1973 wani mai zanen gini ɗan Sifen, Ricardo Bofill, ya samu tsohon kamfanin siminti a Sant Just Desvern, kusa da Basalona, ya fasa tagogi a jikin dogayen rumbunan da ake tara simintin, ya mayar da su ɗakunan aikinsa da na mutanensa. A 2019 kamfanin Alnatura na Jamus ya buɗe hedkwatarsa a Darmstadt, a filin da sojojin Amurka suka bari, bangonta na waje na dannanniyar ƙasa ne. Masu wannan aiki suna da kalmominsu, har a jami'a ake koyar da su. To in mutum ya shiga kasuwar Tanut, ko ya zauna da magina a Belbeji, yana son a yi masa irin wannan, da waɗanne kalmomi zai nema? Na ɗauki tambayar da nauyi, domin abin da ba a iya kiran sunansa a takardar kwangila, ba a ware masa kuɗi.

Hausa ba ta rasa sunan wurin sana'a ba. Aikin take ɗauka ta liƙa masa "ma" a gaba: maƙera, majema, marina, masaƙa, mahauta. Matata ma da muke kiran SORAZ da ita a kan wannan ƙa'ida aka ƙera ta. Masana'anta ta fi yawo a bakin rediyo da jarida, inda ake son kalma ɗaya da za ta ɗauki duk wurin da inji ke aiki. Akwai kuma ma'aikata, wadda ta fi su faɗin baki: ma'aikatar ilimi inda ake sa hannu a takarda, ma'aikatar casar shinkafa inda inji ke ruri, duk ma'aikata ce. A kunnen Bahaushe babu wata katanga tsakanin wurin inji da wurin alƙalami. Wanda ya ce zai mayar da ma'aikata ta zama ma'aikata bai faɗi kome ba tukuna, sai ya faɗi aikin da ya fita da wanda zai shiga.

Sai dai in an ware matatar nan, wadda take kan aikinta, Damargu ba ƙasar manyan injuna ba ce. Ƙasar ajiya ce. A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth ya gangaro daga Abzin tare da ayarin gishiri, a Tagelel ta Damargu ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, kuma a rubutunsa ya nuna cewa daga nan Abzinawa ke samun geron da suke ci. Masanin tarihi Stephen Baier, a littafinsa na 1980 a kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya bi diddigin yadda Kel Ewey da sauran Buzaye suka ɗaure rayuwarsu da gonakin Dagira da Hausawan wannan yanki: gishirin Bilma da dabino suna gangarowa, hatsi yana hawa. Ginin da ya dace da irin wannan arziki shi ne rumbu na kara ko na zana, da rufewa ta laka.

Da gwamnati ta shiga harkar hatsi sai ta zo da nata rumbun da nata sunan. A Nijar mangaza ake ce masa, a Najeriya sito. Sito daga Ingilishi take, ba ta da dogon labari. Mangaza kuwa ta sha tafiya. Daga Faransanci muka karɓe ta, Faransawa suka karɓo daga ƴan kasuwar Italiya, su kuma daga Larabawa, inda makhzan ke nufin wurin ajiya, jam'insa makhazin. Ta ƙetare Bahar Rum ta yi arewa, sannan ta dawo mana a bakin kwamandan mulkin mallaka, alhali fataken Tarabulus da Gat sun daɗe suna ratsa Damargu zuwa Damagaram da Kano. A 1970 aka kafa OPVN, hukumar da ke sayen cimaka tana ajiyewa don ranar buƙata. Farin 1973 da 1974, da na 1984, da yunwar 2005, kowanne ya bar mangazoji a bayansa: na gwamnati, na ƙungiyoyin manoma, na masu agaji, har da ƙananan bankunan hatsi na ƙauyuka. Wadda ke cike da buhu a bar ta da aikinta, domin babu ofis da ya fi hatsi muhimmanci a Damargu. Maganata a kan wadda aikin da ya gina ta ya ƙare ne, aka garƙame ƙofarta.

Wanda ya taɓa shiga irinta ya san kamarta. Dogon ɗaki ne guda ɗaya ba shamaki, ginshiƙan ƙarfe, bangon bulo, daɓen siminti, rufin kwano wanda a nan ake ce wa tol. Ƙofar ƙarfe ce mai faɗin da babbar mota za ta ja da baya ta sauke kaya. Tagogin ƴan ƙanana ne can kusa da rufi, don iska aka yi su, ba don mai karatu ba. Akwai warin tsohon buhu da na maganin ƙwari da ba ya barin bango. Da bazara, lokacin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kwanon nan yakan ɗauki rana ya sauke ta a kan duk abin da ke ƙarƙashinsa. Buhun gero yana iya jurewa. Mutum mai lissafi a gaban kwamfuta ba ya iyawa.

Kafin a saba da biro ko ofis, bariki ake cewa. Daga kalmar Ingilishi ta sansanin soja ta fito, amma ta tsallaka iyaka ta zauna a ƙasar da Faransawa suka mulka ma. A farkon ƙarni na 20 barikin Damargu a Jajiduna take, daga baya aka mayar da ita Tanut, garin da sunansa a harshen Buzaye ke nufin ƙaramar rijiya, daga anu, rijiya. Bariki ita ce inda ake kai haraji, inda ake rubuta sunan mutum, inda ake tsare shi. Ta tafi da ƙurarta: har gobe in an ce wane ɗan bariki ne, ba yabonsa aka yi ba. Bayanta sai biro. Mutumin Tanut zai ce ya je biro ya sa hannu da bik. Mutumin Kano zai ce ya je ofis ya sa hannu da biro. Asalin kalmar a Faransanci wani kakkauran zane ne na gashin tumaki da ake shimfiɗa wa teburin lissafi. Sunan ya tashi daga zanen ya kama teburin, daga teburin ya kama ɗakin, daga ɗakin ya kama mutanen da ke ciki.

Amma aikin da ake yi a biro ya riga biro zuwa. A zaure ake yinsa. Nan malam ke karantarwa da rubuta wasiƙa, nan alƙali ke sauraren ƙara, nan attajiri ke ƙulla ciniki da madugu, nan kuma maɗinki da baduku ke aikinsu. Zaure ɗaki ne da baƙo ke da haƙƙin shiga ba tare da ya ga cikin gida ba, yana da ƙofa biyu da ba sa kallon juna, yana da tsawon rufi da sanyi. Duk wanda zai tsara ofishin da talaka ke zuwa neman takardar haihuwa ko katin rigakafin dabbobi ya kamata ya fara da wannan ɗaki. Kuma ba a taɓa cewa ginin ƙasa ba ya ɗaukar aikin hukuma ba. Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, na ƙasa ne, kuma a harabarsa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take.

A 2011 aka ɗaga Belbeji ta zama gunduma, aka cire ta daga Tanut, a shekarar da gundumomin Nijar suka tashi daga 36 zuwa 63. Sabuwar gunduma kuwa ɗakunan aiki take ci: na kantoma, na jami'an noma da kiwo da lafiya da ilimi, ga ƙungiyoyin makiyayan kwarin Tarka, ga masu agaji. Kowa zai ce ofis na zamani yake so, kuma yana da gaskiya. Matsalar tana cikin abin da muka bari kalmar zamani ta koma. A bakin jama'a ginin zamani shi ne bulon siminti da kwano da fenti. Simintin nan sai an ɗauko shi daga Malbaza ko daga Najeriya, ya sha ɗaruruwan kilomita a bayan mota, sannan ɗakin da aka yi da shi ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ma'aikata da yawa sun ga abin da irin wannan ɗaki ke zama in na'urar ta yi shiru. A ganina zamanin ofis yana cikin haske mai isa, da iska, da wutar da ba ta yankewa, da intanet, da wurin da takarda ba za ta ci ƙura ko gara ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce sai bango ya zama na siminti.

Inda abin ya fi tauri shi ne takardun hukuma. A Faransancin ofisoshin Nijar gini iri uku ne ko huɗu: en dur, wato mai tauri, semi-dur, mai rabin tauri, banco, wato ginin ƙasa, sai na ciyawa. In ana maganar ajin makaranta ko ɗakin shan magani sai a ce za a yi shi da matériaux définitifs, kayan dindindin. Kalmar ta riga ta yanke hukunci kafin a tona tushe, domin in siminti ne na dindindin, ƙasa ta zama ta wucin gadi ke nan. Fadar Sarkin Damagaram da ke Birni tun ƙarni na 19 take tsaye, hasumiyar masallacin Agadas ta fi ta daɗewa nesa ba kusa ba, amma a wannan lissafi dukkansu a layi ɗaya suke da katangar awaki. Jami'in da ke cika takardar neman kuɗi ba zai rubuta banko a gurbin ofishin kantoma ba, don ya san yadda za a karanta shi a Yamai. Ban ga laifinsa ba. Kalmar da aka ba shi ce ba ta da wurin ajiye bambanci.

Bambancin kuwa yana nan a bakin magina. Matashin injiniya zai ce wa tsohon magini, "Baba, bangon nan na banko za a yi." Tsohon zai ce, "To, ɗana, na ji. Da tubali ko da bulon ƙasa? Daga wane rami za a ɗebo? Kwana nawa za ta yi a jiƙe?" Kowace tambaya a cikin ukun nan tana iya ƙara wa bango shekaru ko ta rage masa. Ba kowace ƙasa ke gini ba: mai yashi da yawa ba ta kama jikinta, mai yumɓu da yawa tana tsagewa in ta bushe. Akan haƙo ta, a jiƙa, a zuba busasshiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake juyawa. Daga nan ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana. Wurin gini magini na zaune a kan bangon, yaro na jefo masa tubali ɗaya-ɗaya daga ƙasa, yana cafewa yana dasawa tsini a sama, yana cike tsakani da caɓi. Bangon yakan fara da kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa. A yau a yawancin garuruwan Nijar bulon ƙasa mai kusurwa huɗu, wanda ake bugawa a akwatin katako, ya karɓe wurin tubali, amma kwaɓin bai canja ba.

Masana da yawa suna danganta tubali da ɗub na Larabci, kalmar da Larabawa suka gada daga tsohon harshen Masar, wadda kuma ta shiga Sifaniyanci ta zama adobe. Da wannan sunan ake sayar da gidajen ƙasa masu tsada a kudu maso yammacin Amurka. Bayan tubali akwai yaɓe na jikin bango, da daɓe na ƙasan ɗaki, da rawani da ke kewaye bakin rufi, da indararo mai jefa ruwan sama nesa da gindin gini, da zanko a kusurwa, da bakan gizo da ɗaurin guga masu ɗaukar rufin babban soro. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne laso, shafen da ke hana ruwa shiga. Da katsi ake haɗa shi, wato abin da ya kwanta a gindin rijiyar rini, da gashin jima da ake kankarewa daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Biyu daga cikin ukun nan sharar masana'anta ce, ta marina da ta majema. Magabata sun daɗe da sanin cewa abin da wata sana'a ta zubar shi wata ke nema.

A nan sai a yi hattara, kada a kwaso ƙamus ɗin maginan Kano da Zariya a juye shi a Tanut. Makuba, da ake shafa wa bango da daɓe, daga ɓawon ɗorawa ake samunta, ɗorawa kuwa itaciyar kudu ce. Azara daga giginya ake tsaga ta, ita ma sai an yi kudu, kuma ko an same ta ba ta ɗaukar rufin ƙasa mai faɗin da ya wuce kimanin mita 2 sai da dabarar tokari da baka. Wannan ya kai mu ga kalmar da ta fi wuyar juyawa, wadda Turawa ke nufin kayan da ba inji ya ƙera ba da ita. In an ce kayan halitta, mai sauraro zai ce ƙarfe ma halittar Allah ne. In an ce kayan gargajiya, an tura su wurin kalankuwa da gidan tarihi, ba mai neman su don ofis. Kuma abin da Bajamushe ya fi nufi da kalmar shi ne katako, don ƙasarsa daji ce. A Damargu itace shi ne abin da ya fi kome tsada ga ƙasa. Aduwa da ƙandili da bagaruwa da magarya da suka rage su ke riƙe da gona, su ke ciyar da dabba da rani. Ofishin da aka lulluɓe da katako a Belbeji, ko dai an sare abin da bai kamata ba, ko an yo odarsa daga bakin teku. Ni na fi natsuwa da kayan ƙasa, domin kunne na jin ta ta fuska biyu, abin da aka haƙo daga ƙasa da abin da ƙasar nan ke da shi, kuma duka biyun ake nufi.

Wannan ƙarancin itace ne ya haifar da aikin da aka fara a Cikal, a yankin Filinge, a 1980, wanda ƙungiyar Development Workshop ta yaɗa a Nijar da Mali da Burkina Faso da sunan gini ba itace. Dabarar daga Nubiya take, ta hanyar Hassan Fathy na Masar, wanda ya gina Sabuwar Gurna da ita a shekarun 1940. Akan jingina layukan ƙananan bulon ƙasa a karkace a jikin bangon ƙarshe, kowane layi na kwanciya a kan na bayansa, har rufi ya rufe kansa ba azara ba katakon tokari. Ƙubba kuma da sanda ko waya ake auna ta daga tsakiyar ɗaki. An horar da magina da yawa a kan wannan, an yi gidaje da ofisoshi da ɗakunan shan magani. Sunan da aka ba aikin yana faɗin abin da babu ne kawai, amma ya yi amfani, domin ya ba jami'i wata kalma da zai rubuta wadda ba banko ba.

Akwai kuma bulon da ake matsewa da inji. Na'urar hannu ta farko da ta yaɗu, Cinva-Ram, a Bogota ta Kolombiya aka ƙera ta a shekarun 1950. Akan tankaɗe jar ƙasa, a sa mata ɗan siminti kaɗan, a ɗan yayyafa ruwa, a matse, a bar ta ta yi ƙwari a inuwa. Da irinsa Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, aka gama a 2018, suka kuma gyara tsohon masallacin ƙasa na garin ya zama ɗakin karatu, tare da maginan da suka san ginin tun asali. Wannan misali ne na kusa da mu na ginin da aikinsa na farko ya ƙare aka ba shi wani ba a rushe shi ba. Da Mariam ta buɗe ofishinta na Yamai, sunan Hausa ta sa masa, masomi. Bulon kuwa har yanzu da haruffan Faransanci uku, BTC, ake kiransa a takarda. Matsattsen bulo ya ishe shi suna, ko bulon birji in da birji aka yi. Duk sunan da aka zaɓa, ya zama wanda leburan da ke jan hannun injin zai iya faɗa.

In aka haɗa waɗannan da mangazar da aka garƙame, sai a ga kowannensu yana da abin da ɗayan ya rasa. Maƙiyan ginin ƙasa biyu ne, ruwan sama daga bisa da danshi daga ƙasa. Mangaza ta riga ta zo da malafa da takalmi: kwanonta zai tare ruwa, daɓen simintinta zai tare danshi. Ita kuma ciwonta zafi ne, maganinsa na wurin ƙasa. Bango mai kauri yana shan zafi a hankali, ba ya sakinsa ciki sai bayan sa'o'i, lokacin ma'aikata sun tashi, da dare kuma in an bar ƙananan tagogin sama a buɗe iska ta kwashe shi. Sai a gina ɗakunan aiki a cikin dogon ɗakin, kowanne da nasa rufin ƙasa, a bar sarari tsakaninsa da kwanon don iska ta riƙa wucewa. Haka Francis Kéré, wanda ya karɓi lambar Pritzker a 2022, ya raba rufin ƙasa da na kwano a makarantar Gando ta Burkina Faso tun 2001. Bakin babbar ƙofar ya zama zaure, inda mai jira zai zauna a inuwa. Kwanon ya ɗauki faifan sola. Kafin a sa hannu dai sai injiniya ya duba ko daɓen zai ɗauki nauyin bango da rufin ƙasa, a fasa tagogi a daidai tsawon mai zaune, a kuma binciki abin da aka taɓa ajiyewa a ciki. Mangazar da ta ajiye maganin fara ko na ƙwari ba wurin da za a zaunar da mutane ba ne sai masana sun tabbatar ta tsarkaka.

Shamakin cikin ofis ma yana da sunansa a nan. Matan Buzaye suna saƙa esabar da karan afazo, suna ƙawata shi da zaren fata, suna kewaye cikin tanti da shi don ya tare iska da ido. Wanda ya ji wannan suna ya ji asabari na Hausa zai ji dangantakarsu. Tsakanin tebur da tebur babu abin da ya fi shi dacewa, yana raba wuri ba ya tare iska, kuma kuɗinsa a hannun matan Tarka da Tenhiya zai tsaya. Tabarmar kaba tana yin silin. Amma a nan ma sai sunaye sun rarrabe, domin zana da kara suna cin wuta. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a watan Nuwamba wata ta kama a Maraɗi, yara fiye da 40 suka rasu a gobarar biyu. Duk kalmar da ta zuba bangon ƙasa, wanda ba ya kamawa, da rumfar zana a kwando ɗaya tana da haɗari ga rai. Asabari ya tsaya a matsayin shamakin da ake naɗewa, nesa da wayar wuta, wayar kuma ta bi cikin bututu.

Saura kalma ɗaya da ba ta cikin kasafin kowace ma'aikata, ita ce yaɓe. A farkon Satumba na 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Birnin Damagaram na ƙarni na 19 ya rushe, mutane da dama suka ce ga ƙarshen ginin ƙasa. Damina tana ƙara nauyi, wannan gaskiya ne, kuma gidajen ƙasa da yawa sun faɗi a shekarar. Amma ginin ƙasa tun asali da sharaɗinsa yake zuwa. Kowace shekara kafin ruwan farko akan hau rufi, a toshe tsaga, a share indararo, a gyara gindin bango inda ruwa ke tsalle. A gida maigida ke tuna wannan, a fada akwai Sarkin Magina. A ofis kuwa shugaba na iya canjawa kafin damina biyu, kuma kuɗin gyara sai abu ya lalace ake neman sa. Ɗakunan da ke ƙarƙashin kwanon mangaza ba za su buƙaci yaɓe mai yawa ba, tunda ruwa ba ya dukan su, amma kwanon kansa na yoyo in ƙusa ta saki, kuma ɗigo ɗaya a wuri ɗaya na iya huda rufin ƙasa cikin damina guda. Don haka tun ranar sa hannu a kwangila a rubuta layi na dabam mai suna yaɓe da duban rufi, a sa masa wata, Afrilu ko Mayu, a sa masa kuɗi, a kuma rubuta cewa maginin garin da ya yi aikin shi za a riƙa kira.